Zawo a Ƴan Tsaki: Yadda Mai Kiwon Gida Zai Karanta Kashinsu Kafin Ya Sayi Magani

A gidajen Damagaram da ake kiwon kaji, daga Birni zuwa Zango da Garin Malam, labarin kusan ɗaya ne. Kaza za ta ƙyanƙyashe goma ko sha biyu, kafin wata ya cika sun koma huɗu ko biyar, kuma idan aka cire rabon shirwa da na muzuru, yawancin sauran ta ciki ajalinsu ya bi. Da mai kaji ya ga duburar ɗan tsako ta jiƙe, fukafukansa sun sauka, sai ya aiki yaro wajen mai tebur ya sayo kafso mai ja da rawaya a fasa a ruwa. Wani lokaci a dace, sau da yawa kuma a yi asarar kuɗin da ƴan tsakin gaba ɗaya, domin zawo alama ce da abubuwa da dama suke haddasawa, kuma kafson nan bai taɓa mafi yawansu. Abin da ya fi amfani shi ne a haɗa abu uku kafin a yanke hukunci: kamannin kashin, kwanakin ɗan tsakon, da yanayin da ake ciki.

Mataki na farko: a san lafiyayyen kashi

Kaza ba ta da mafitsara, saboda haka kashi da fitsari ta ƙofa ɗaya suke fita. Farin nan da ake gani a saman kashin shi ne fitsarinta, ragowar kuma, mai launin ƙasa ko toka-toka, shi ne abincin da hanji ya gama da shi. Idan ya fito a dunƙule da farinsa a kai, lafiya lau.

Akwai wani kashin kuma da yake tsorata masu kiwo ba dalili. Duk wanda ya taɓa gyara kaza ya ga wasu siraran jakunkuna biyu masu rufaffen ƙarshe a kusa da ƙarshen hanjinta. Jefi-jefi a cikin yini jakunkunan nan sukan zubar da abin da ke cikinsu, sai a ga kashi mai laushi da danƙo, launin ƙasa mai duhu ko mai ratsin rawaya, ba farin nan a kansa, ga wari fiye da na kullum. Wannan ba cuta ba ce. Muddin yana fitowa nan da can a tsakanin dunƙulallun, kuma ɗan tsakon yana ci yana guje-guje, a ƙyale shi.

Hanya mafi sauƙi ta ganin gaskiyar lamari ita ce a shimfiɗa farin kwali ko takardar buhu a inda suke kwana, a ɗauke da sassafe a duba cikin haske. A kan ƙasar akurki ba a iya bambance jini da jar ƙasa, amma a kan kwali komai yakan fito fili: yawan ruwan, launinsa, da ko guda nawa ne suka lalace a cikin duka. A lokacin kuma a taɓa jakar abincin da ke gindin wuyan kowane ɗan tsako. Da yamma ya kamata a ji ta cike da laushi, da asuba kuma ta sauka. Wadda ta wuni babu komai tana nuna mai ita ya daina ci, kuma wannan ya fi launin kashi tayar da hankali.

Mataki na biyu: makon farko, inda sanyi da zafi suka fi ƙwayar cuta ɓarna

Ɗan tsako yana fitowa daga ƙwai da ragowar gwaiduwa a cikinsa, wadda yake rayuwa a kanta kwana biyu zuwa uku. A wannan lokacin hanjinsa bai saba da aiki ba, jikinsa kuma bai iya riƙe ɗumin kansa ba. Idan ya sha sanyi, ko zafi ya yi masa yawa, ko ya wahala a hanya, narkewar abinci takan rikice, kashin ya fito da danƙo ya manne a gashin dubura, ya bushe ya toshe ƙofar. Wanda aka bari haka zai iya mutuwa cikin kwana ɗaya ko biyu, ba don wata cuta ba sai don ya kasa kashi. An fi ganin wannan a ƴan tsakin kwali da ake kawowa daga Najeriya, waɗanda sukan yi doguwar tafiya a mota babu ruwa.

Gyaransa ba ya bukatar magani. A jiƙa tsumma mai tsabta da ruwan ɗumi, a dafa a wurin har busasshen kashin ya yi laushi ya fita da kansa. Kada a fizge, domin fatar wurin siririya ce, takan biyo gashin. A tsane shi sosai, a shafa ɗan man gyaɗa ko basilin a gefen duburar, a mayar da shi wurin ɗumi, sannan a riƙa dubawa safe da yamma har kwana uku. Sai an kula kada a ɗauki cibiya a matsayin dubura: dubura tana dab da ƙarƙashin jela, cibiya kuwa tana can ƙasa wajen ciki, kuma ɓawon da ke kanta ba a ɓamɓare shi.

Ƴan tsakin da ba su da uwa suna bukatar ɗumi na digiri 32 zuwa 35 a makon farko, ana rage kamar digiri 3 kowane mako har gashinsu ya cika. Wanda ba shi da ma'aunin zafi ya dubi yadda suke zama. Idan sun cunkushe kan juna kusa da wuta suna kuka, sanyi suke ji. Idan sun gudu gefe sun buɗe baki suna haki, zafi ya yi yawa. Idan sun bazu suna tsattsaga, an daidaita. A Disamba da Janairu, daren Damagaram yakan sauka ƙasa da digiri 15, kuma iskar hunturu ta asuba ita ce ke kashe su, saboda haka a tare gefen da take shigowa. Mai amfani da kaskon gawayi ya bar kafar da iska za ta fita ta sama, domin hayaƙin gawayi a rufaffen ɗaki yana kashe su shiru. A Afrilu da Mayu kuwa, lokacin da rana take wuce digiri 40, matsalar takan juye: suna shan ruwa fiye da ƙima, kashin ya fito tsararo kamar ruwa da ƴan guntayen abinci a ciki. Maganin wannan inuwa ce da iska da ruwan randa mai sanyi, tare da ɗauke su daga ƙarƙashin rufin kwano da tsakar rana.

Mataki na uku: ruwa da abinci

Kowa ya san tsadar ruwa a garin nan, kuma shi ya sa ake samun gidan da ke zuba wa kaji ruwan wanke-wanke ko na tafki, a bar na ƴan ga-ruwa don mutane. Babbar kaza tana iya jure wannan, ɗan tsako ba ya iyawa. Abin da ƴan tsaki ashirin za su sha a yini a makon farko bai kai lita ɗaya ba, saboda haka babu wani tattali a hana su ruwan da mutanen gida suke sha. Idan ana shakkar ruwan, a tafasa a bar shi ya huce. Ruwan rijiya mai ɗanɗanon gishiri ko kanwa shi kaɗai ya isa ya sa kashinsu ya tsinke.

Mazubin ma yana da nasa laifin. Faffaɗan kwano da suke shiga da ƙafa suna kashi a ciki shi ne hanyar da cuta take bi daga ɗaya zuwa saura. A sami gwangwanin madara ko na tumatir, a huda ƙananan kafofi biyu kusa da bakinsa, a cika da ruwa a kife a kan faranti, a ɗora a kan bulo ko katako daidai tsayin bayansu. A wanke da sabulu kullum, a kuma goge santsin da ke taruwa a ciki.

Game da abinci, kuskuren da ya fi yawa shi ne a ba su dusa zalla. Dusa tana cika ciki amma ƙaiƙayinta ya fi ƙarfin hanjin ɗan tsako, sai ta wuce ba ta narke ba. Suna bukatar abincin da kusan kashi 20 cikin 100 nasa mai gina jiki ne, kuma tsakin hatsi ko na dawa shi kaɗai bai wuce rabin wannan da yawa ba. Wanda ba zai sayi abincin buhu na ƴan tsaki ba ya haɗa tsakin da tunkuza marar gishiri da ɗan garin busasshen kifi, ya ƙara da gara idan tana samuwa, a kwanakin farko kuma ya murmusa musu dafaffen ƙwai. Wake da waken soya sai an soya ko an dafa, domin ɗanyensu yana hana narkewar abinci, ya sa kashi ya yi danƙo. A ajiye musu ɗan yashi mai tsabta a gefe, da shi ƙundu yake niƙa.

Ƙuli-ƙulin kasuwa da aka yi don mutane yana ɗauke da gishiri, haka ma ragowar tuwo da miya, kuma gishirin da harshenmu yake ji daidai ya yi wa ɗan tsako yawa nesa ba kusa ba. Abincin kaji masu ƙwai ma bai dace da su ba, domin sinadarin ɓawon ƙwai da ke cikinsa ya ninka abin da suke bukata sau uku ko fiye, yana lalata musu ƙoda. Mafi haɗari kuwa shi ne masara ko tunkuzar da ta yi funfuna a damina. Gubar da funfunar take bari, wadda ake kira afalatoksin, tana cin hanta, tana raunana garkuwar jiki, kuma shanyawa a rana ko dafawa ba ya kawar da ita. Duk abin da ya dunƙule ko ya canza wari a zubar. Idan za a canza musu abinci, a riƙa gauraya tsohon da sabon har kwana huɗu ko biyar.

Mataki na huɗu: kashin jini

Daga mako na uku zuwa na shida, musamman daga Yuli zuwa Satumba, abin da ya kamata a fara zargi shi ne cutar da likitocin dabbobi suke kira koksidiyoz. Wasu ƙananan halittu ne da ido ba ya gani, masu suna Eimeria, suke shiga bangon hanji su hayayyafa su farfasa shi. Ƙwansu yana fita cikin kashi, amma a ranar da ya fita ba ya kama kowa, sai ya sami damshi da ɗumi na kwana ɗaya zuwa biyu ya nuna. Ɗan tsakon da ya tsattsage shi bayan nan, cikin kwana huɗu zuwa bakwai shi ma zai fara zubar da nasa, ninkin-ba-ninkin. Wannan shi ne dalilin da ya sa akurkin da ƙasarsa take jiƙe a gindin mazubin ruwa yake zama masifa, kuma shi ne dalilin da ya sa kwashe kashi kullum yake yanke cutar tun daga tushe. Haka lamarin yake ga ƴan zabin da ake sa kaza ta ƙyanƙyashe da damina, waɗanda suka ma fi ƴan tsaki rashin jure damshi.

Alamominta su ne kashi mai jini ja ko mai majina launin lemo, ɗan tsako ya tsaya wuri ɗaya ya dunƙule, gashinsa ya yamutse, idonsa a rufe, baki da ƙafa su yi fari saboda jinin da yake rasawa. Ba kowane irinta ne yake kawo jini ba. Irin da ke zama a jakunkunan nan biyu shi ne mai jini a fili, wasu kuwa sai dai zawo da rama da rashin girma.

Wannan cutar tana da magani, kuma idan aka fara da wuri ana ganin sauƙi cikin kwana biyu. Wanda aka fi samu a shagunan maganin dabbobi shi ne amprolium, ana zuba shi a ruwan sha kamar kwana biyar zuwa bakwai. Yana aiki ne ta hana halittun samun bitamin B1, saboda haka wanda ya haɗa shi da garin bitamin a ruwa ɗaya ya warware aikinsa da hannunsa. A jira a gama maganin sannan a ba da bitamin. Akwai toltrazuril da ake bayarwa kwana biyu, akwai kuma dangin sulfa da aka saba bayarwa kwana uku, a huta biyu, a ƙara uku. Su dangin sulfa suna bukatar taka-tsantsan da bazara, domin yawan shan ruwa yana sa ɗan tsako ya sha fiye da adadinsa, ƙodarsa ta taɓu. Ƙarfin garin ya bambanta daga kamfani zuwa kamfani, saboda haka a bi awon da ke jikin fakitin, a auna ruwan da lita, a ba duka garken har waɗanda ba su nuna alama ba, a ɗauke duk wani ruwa dabam, a kuma haɗa sabo kowace safiya. A rana ta farko ta magani a kwashe shimfiɗar gaba ɗaya a zuba busasshiya, in ba haka ba ana magani suna sake haɗiyar cutar.

Shimfiɗar, ɓuntun shinkafa ce ko dusar katako ko yashi, ta kai kaurin santimita 5. A damƙi ɗan kaɗan a matse: idan ya watse da aka buɗe hannu, ta yi, idan ya dunƙule, ta jiƙe, a canza.

Mataki na biyar: fari da kore

Farin zawo iri biyu ne, kuma kwanaki ne suke raba su. Idan ya bayyana a mako biyun farko, fari kamar alli yana manne a dubura, ƴan tsakin suna gyangyaɗi suna kuka lokacin kashi suna mutuwa ɗaya bayan ɗaya, ana zargin wani nau'in salmonela da ke bi ta cikin ƙwai daga uwa zuwa ɗa. Maganin kashe ƙwayoyin cuta da likita ya zaɓa yana rage mutuwa, amma waɗanda suka tsira sukan ci gaba da ɗauke da ita har girma. Idan kuwa fari mai ruwa ya zo kwatsam tsakanin mako uku da shida, garken ya kwanta kusan lokaci ɗaya, suna makyarkyata suna tsattsagar duburarsu, wannan ya yi kama da Gumboro, wadda ta sami sunanta daga wani gari a jihar Delaware ta Amurka. Ita ƙwayar bairos ce, babu kafso ko allurar da ke kashe ta. Ɗumi da ruwa ne gatan wanda ya kamu, kuma takan yi ɓarnarta ta wuce cikin kamar mako guda, ta bar waɗanda suka tsira da raunin garkuwa.

Koren kashi kaɗan marar yawa sau da yawa yunwa ce: ɗan tsakon ya daina ci, sai ruwan matsarmama ya rina abin da ya rage. Amma idan koren zawo ya haɗu da wahalar numfashi, da murɗewar wuya, manyan kaji ma suna faɗuwa har a maƙwabta, musamman da hunturu, to cutar Newcastle ce ta fi kusa, ita ma ba ta da magani sai rigakafi. A irin wannan hali a daina fitar da kaji kasuwa, a sanar da ma'aikatan kiwo, domin murar tsuntsaye ma haka take farawa, kuma a Magariya, cikin jiharmu, aka fara tabbatar da ita a Nijar a Fabrairun 2006. Tsutsar ciki kuwa, wadda ake yawan ɗora wa laifi, tana bukatar makonni kafin ta girma a hanji, saboda haka ba ita ce ke sa ɗan kwana goma zawo ba.

Mataki na shida: abin da za a yi a yau, kafin a ga likita

A ware marasa lafiyar a kwali mai ɗumi da busasshiyar shimfiɗa. Abin da ke kashe mai zawo da sauri ƙarewar ruwan jiki ne, saboda haka a haɗa ruwa mai tsabta lita biyu da sukari cokalin shayi shida da gishiri rabin cokalin shayi, a shafe bakin cokalin kada ya yi tozo. Wannan rabin ƙarfin wanda ake yi wa yara ne, domin ɗan tsako bai jure gishiri. A ba su yini ɗaya ko biyu kawai, sannan a koma ruwa zalla. Wanda ya kasa sha da kansa a tsoma bakinsa a cokali a bar shi ya haɗiya, kada a ɗura masa, ruwan yakan bi ta hanyar numfashi.

Idan an ga jini, ko biyu sun mutu a rana ɗaya, ko zawon ya wuce kwana biyu bayan an gyara ɗumi da ruwa da abinci, a tafi wajen likitan dabbobi da kwalin kashin da gawar da ba ta daɗe ba a cikin leda, a faɗa masa kwanakinsu, da inda aka samo su, da abin da aka riga aka ba su. Buɗe cikin ɗan tsako guda yakan nuna masa abin da mai kaji zai yi mako yana laluba. Sassaƙen maɗaci da ganyen dogon yaro da barkono da iyayenmu suke jiƙawa, a ganina bai kamata a jingina da su a kan kashin jini ba, domin ɗacinsu yana rage wa ɗan tsako shan ruwa a daidai lokacin da ya fi bukata, kanwa kuwa ƙara tsinka kashin take yi. Kindirmo ɗan kaɗan a abinci ba ya cutarwa, mai yawa yana kawo zawon da ake gudu.

Rigakafin Newcastle a makon farko da maimaici bayan kamar mako uku, da na Gumboro wajen mako na biyu da na uku, ana yin su ne ga masu lafiya, ba masu zawo ba. Wanda ake zubawa a ruwa a haɗa shi da ruwan da babu jabel (sinadarin nan na kashe ƙwayoyin cuta a ruwa) a ciki, su shanye cikin awa biyu. Sabuwar kazar da aka sayo a Kasuwar Dole ta yi mako biyu a ware kafin ta haɗu da na gida. Gawa a binne ta da zurfi ko a ƙone, kada a jefa a juji kare ya ja. Yaran da suke wasa da ƴan tsaki su wanke hannu da sabulu kafin cin abinci, domin wasu ƙwayoyin da ke kashin kaji suna sa mutane ma gudawa.

Bayan garken ya girma ko cutar ta wuce, a kankare saman ƙasar akurkin a fitar, a buɗe shi rana ta buge shi, a zuba sabon yashi, a bar shi mako biyu babu kowa. Ruwan jabel yana kashe salmonela a kan mazubi, amma ƙwan koksidiyoz yana da kauri, ba ya jinsa, bushewa da zafin rana ne suke karya shi. Idan akurkin na ɗauka ne, a matsar da shi zuwa sabon wuri mai tudu kafin ruwan farko ya sauka. Kazar da ƴaƴanta suka mutu da farin zawo sau biyu a jere kuma, kada a sake sa ta kwanci a kan ƙwanta, a nemo na wani gida da aka san ƴan tsakinsa suna tashi.